Turken Iya

Ban kai shekara biyu ba aka goya ni daga Kano zuwa ƙauyenmu na ƙasar Ɗambatta, a hanyar Daura, aka ajiye ni a gaban kakata ta wajen uba. Yaye aka kawo ni. Yadda aka saba, yaro yakan yi mako biyu ko wata guda a ɗakin kakarsa har ya manta da nono, sannan a zo a ɗauke shi. Ni kuwa sai da aka shiga 1976, shekarar da gwamnati ta buɗe karatun firamare kyauta, mahaifina ya zo da kansa ya tafi da ni, Iya tana bin bayanmu har bakin danga tana cewa an yi mata ƙwacen miji. Maigida take kira na, irin wasan kaka da jika, kuma ba ta canza ba har na yi furfura. Mahaifina kuma, da yake ɗan fari ne, ban taɓa jin sunansa a bakinta ba. "Yaron nan" take ce masa, ko da ya zama shi ma yana da jikoki.

A ranar da aka kawo ni ta ware wata 'yar jar akuya ta ce tawa ce. Wai don in samu abin kallo in daina kuka.

Gidan ba wani babba ba ne. Zaure, ɗakuna uku na ƙasa, rumbu biyu, sai bishiyar darbejiya a tsakiya. Amma kusan rabin tsakar gidan na dabbobi ne: turaku a jere ƙarƙashin rumfar kara, akurkin kaji a gindin rumbu, tukwanen tantabaru a rataye jikin katanga, ga kyanwa da ba ta da aiki sai bin sawun Iya. In ta idar da sallar asuba ba murhu take nufa ba. Turke take fara zuwa, ta bi awakin ɗaya bayan ɗaya, ta shafa wannan, ta ɗaga kunnen waccan, ta duba kashinsu a ƙasa, sannan ta buɗe akurki ta watsa tsaki. Sai ta gama wannan mu samu koko. Na sha yin ƙorafi ina riƙe da ciki, amsarta guda ce: "Kai kana da baki, Maigida. Su fa?"

Na daɗe ina ɗaukar wannan magana a matsayin hanyar kashe bakin yaro. Sai da na girma na gane cewa ita ce duk iliminta. Iya ba ta san baƙi ba in ban da surorin da take sallah da su, amma ta iya karanta jikin abin da ba ya magana. Akuyar da ta daina tuƙa, ta sunkuyar da kai, gashinta ya tashi, ta riga ta faɗi abin da ke damunta. Wadda cikinta ya kumbura ta ɓangaren hagu bayan ta yi wa ɗanyen ganye cin haɗama, sai ta ɗura mata man gyaɗa ta sa mu yi ta zagaya gida da ita. Ɗan akuyan da ya karye, ta tsaga kara ta yi masa ɗori da tsumma, kuma ya warke. Da damina, in mai gari ya sa an yi shelar ɗaure dabbobi saboda shuka, takan hura wuta da ɗanyen ganye a gefen rumfa don hayaƙi ya kori sauro, ta kuma share ƙarƙashinsu kullum domin ta ce laima ce ke ruɓar da kofato. Takin da ta share ba ya zama shara. Tsibi ake yi, bazara ta yi a loda wa jaki a mangala a kai gona. Gona ta dawo da gero, a surfa, mutane su ci tsaba, kaji su ci tsaki, awaki su samu dusa da ƙasari. Harawar wake da ta gyaɗa kuma a ɗaure a ɗora kan rumfa don rani. Ban tuna akwai juji a gidan nan ba, domin ban san abin da za a zuba a cikinsa ba.

Wajen kaji kuwa har wayo take yi musu. Zabuwa ba ta iya kwanci da reno kamar kaza, don haka in damina ta faɗi zabi suka fara zuba ƙwai a cikin ciyawa, sai ta tsinto ta sa wa kaza mai kwanci. Kazar ta ƙyanƙyashe 'ya'yan da ba nata ba, ta yi ta yawo da su tana faɗa da shirwa a kansu. 'Yan tsaki kuma takan shafa musu galura, ja ko shuɗi, wai shirwa in ta hango daga sama ba ta gane su. Ko dabarar tana ci ko ba ta ci, mu dai mun tashi a gidan da 'yan tsaki suke yawo da kala kamar 'yan matan Sallah.

Kada a ɗauka duk wannan tausayi ne kawai. Akuya ita ce bankin matar karkara, kuma Iya ta fi kowa sanin lissafi. Dabbar mace tata ce ita kaɗai, miji ba ya taɓawa sai da izininta. Jar akuya tana yawan haihuwar tagwaye, ba ta da tsadar ci, ga fatarta da ta yi suna tun zamanin da fatake ke ƙetara Sahara da ita, har Turawa suka riƙa kiranta da sunan Maroko alhali daga ƙasar Sakkwato da Kano ta fito. In buƙata ta taso, auren marainiya ne, ko kuɗin magani, ko rumbu ya yi ƙasa kafin kaka, sai a kama taure ɗaya a kai kasuwar Ɗambatta ranar Lahadi. Ko da aka canza kuɗi a farkon 1973, fam ya zama naira biyu, sule ya zama kwabo goma, ita ba ta canza ba. Da fam da sule ta ci gaba da yi wa dillali ciniki, kuma ba a taɓa cutarta da sisi ba.

Shekarar nan ce ta fari. Ta sha ba ni labarin yadda Buzaye da Fulani suka gangaro daga arewa da sauran dabbobin da suka rage musu, suna bayar da saniya a kuɗin da bai kai na tunkiya ba. Mutane suka yi ta rabuwa da awakinsu don babu abin ba su. Ita kuwa sai ta koma ga gawo. Gawo bishiya ce mai saɓa wa sauran itatuwa, da damina take kaɗe ganye, da rani ta yi kore ta zubar da 'ya'ya. Kullum kafin rana ta yi zafi Iya tana gindin gawo da ƙwarya tana tsinta, ni ina goye a bayanta. Da 'ya'yan gawo da ɗan abin da ya samu ta fitar da awaki huɗu daga farin nan, ciki har da tawa. Ta ce da ta sayar da ita, da wane ido za ta dube ni in na yi wayo na tambaya.

Abu ɗaya ne ba ta iya ba. Ba ta cin naman abin da ta kiwata. Ragon layya ita ke ba shi dusa da kanwa wata shida, ta wanke shi, ta yi masa hira, amma ranar Babbar Sallah in an sauko daga Idi aka fara wasa wuƙa, sai ta yafa mayafi ta ce za ta gaida wata mara lafiya a bayan gari. Ba ta hana yanka ba, ibada ce, kuma ita ke rabon naman gida-gida da yamma. Nata kason dai musanya take yi da na maƙwabta. Kishiyarta, Allah ya jiƙanta, ta yi ta yi mata dariya a kan wannan har suka tsufa. Malamin da ke karantar da almajirai a ƙofar gidanmu shi ya tsaya mata, yakan tuna wa mutane hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta kulle ba ci ba sha, da na wanda aka gafarta wa don ya shayar da kare. Iya kan saurara ta gyaɗa kai, amma na tabbata ko ba a faɗa mata ba haka za ta yi.

Da dare kuma kaɗi. Wanda bai taɓa ganin yadda auduga take zama zare a hannun tsohuwa ba, da wuya kwatance ya isar masa. Sai an gurza ta a kan dutse da ɗan ƙarfe an fitar da gurya, a shiɓe ta da bakan shiɓa har ta yi laushi ta tashi, a zuba a taskira. Sannan ta zauna ta miƙe ƙafa, ta dangwali alli a yatsu, ta murza mazari. Hannun hagu yana sama da auduga, na dama yana ƙasa, zare yana fitowa tsakaninsu siriri kamar ba zai ƙare ba. Ƙarar mazarin nan a cikin ɗan ƙoƙo ita ce ta riƙa sa ni barci shekara huɗu. Akwai zare mai laushi, akwai abawa mai kauri, kowanne da kuɗinsa, masaƙa su saya su saƙa fari, a kai marina ko a ɗinka haka nan. Da kuɗin kaɗi mata irin su Iya suka yi wa 'ya'yansu kayan ɗaki ba tare da sun taka kasuwa ba.

Sana'ar ta riga ta fara mutuwa tun ina yaro. An buɗe masaƙar Kaduna a 1957, wasu suka biyo baya a Kaduna da Kano da Funtuwa, yadi ya yi araha, masaƙan ƙauye suka fara naɗe kayansu ɗaya bayan ɗaya. Wa zai jira tsohuwa ta yi wata guda tana kaɗa abin da inji zai fitar kafin a sha ruwa? Abin da Iya ba ta zata ba shi ne za ta ga mutuwar injin ma. Ta gani kuwa. A farkon shekarun 2000 manyan masaƙun Kaduna suka rufe, Kantin Kwari ya cika da atamfar Sin. Da na ba ta labari, sai ta ce, "Ashe su ma ana iya fin su sauri." Ba ta ƙara komai ba. Kafin tsohon masaƙin ƙauyenmu na ƙarshe ya daina aiki, ta kai masa wani ƙullin zare da ta daɗe tana tarawa, ya saƙa mata fari, ta naɗe ta sa a ƙasan adudu. Na tambaye ta na mene ne, ta ce na amarci ne, za ta sake aure tunda ni na yi mata kishiya.

Faifai ya fi kaɗi daɗewa. Kaba take sa a yanko mata daga gindin goriba, ta shanya, ta tsaga, ta rina wata da karan dafi ta yi ja, ta zauna da basilla tana naɗa ta a kan ciyawa. Babu amaryar da aka kai daga unguwarmu ba tare da faifan Iya a jerenta ba. Sai roba ta zo. Murfin roba ba ya jin ruwa, gara ba ta cinsa, kuɗinsa kaɗan. Ban ga laifin matan da suka koma gare shi ba, ni ma a gidana shi ne. Amma roba ba ita kaɗai ta zo ba, ta zo da ƙanwarta leda, kuma leda ce ta yi wa Iya ɓarnar da fari bai yi mata ba.

Tana da wata akuya mai farin ciki da take kira Kyalla, uwar garke, mai tagwaye duk haihuwa. Wata shekara, bayan ruwan leda ya cika ko'ina, Kyalla ta fara ramewa. Tana ci kaɗan, cikinta a cike kuma da tauri, ƙashin bayanta yana fitowa. Iya ta yi duk abin da ta sani, kanwa, man gyaɗa, saiwa, har malamin dabbobi aka kira ya yi allura. Ranar da ta ga ba makawa ta sa aka kira mahauci don kada ta mutu mushe. Da ya farke tumbin, sai ga dunƙulen leda baƙa da fara sun murɗe da juna, ya kai girman kan yaro. A karo na farko Iya ba ta bar gidan ba lokacin yanka. Ta tsaya ta duba abin nan da kyau, ta juya shi da kara. Ciwo ne da karatunta bai kai gare shi ba, domin lokacin da ta yi karatun babu shi a duniya. Daga ranar ta shiga tsintar leda. Duk inda ta bi, a lungu, a bakin rijiya, a jikin danga, sai ta sunkuya ta cire. Yara suka fara cewa tsohuwa ta rikice. Daga baya ta riƙa yanka ledar siri-siri tana naɗa faifai da ita a madadin kaba. Suna da ƙyalli, mata suna saya, ita kuwa ba ta taɓa rufe abincinta da ɗaya ba.

Hannun da ke ɗora ƙafar ɗan akuya shi ne ke karɓar haihuwa a unguwar. Ba wanda ya naɗa ta ungozoma, kira ne ya yi yawa har ya zama ita ce. A tsakar dare za a buga ƙyauren gida, ta ɗauki fitila ta fita, da safe mu ji an samu ƙaruwa. Ita ke yanke cibi, ta wanke jariri, ta yi kwana bakwai tana zuwa har suna. In tsoho ya kwanta ciwo 'ya'yansa sun gaji, ita ke zuwa ta juya shi, ta wanke masa jiki, ta ɗura masa kunu da ludayi kaɗan-kaɗan. In mace ta rasu, ita ake kira wanka. Jariri, da dabba, da wanda ajali ya kusanto, duk jinsi ɗaya ne a wurinta, masu buƙatar da ba sa iya faɗa. Ladanta a duniya bai wuce goro da sabulu da ɗan hatsi ba, wani lokacin ƙafar ragon suna, wadda ita ma sai ta tabbatar ba daga turkenta aka sayi ragon ba.

Matar da muke kira Gwaggo ma haka aka same ta. Ba ƙanwar mahaifina ba ce ta jini. Uwarta ta rasu kwana uku da haihuwarta, babu mai shayarwa a dangin, Iya ta naɗo ta a zane ta kawo gida ta raine ta da nonon akuya. Ta girma a ɗakin, a nan aka yi mata aure, kuma ita kaɗai ce a cikinmu ta zauna ta koyi abin da Iya ta sani. Mu 'yan gidan na jini kuwa, boko ya kwashe mu.

A nan dole in faɗi abin da ba a so a faɗa a kan mamaci. Iya ba ta yi daidai a komai ba. Ta yi imani da wankan jego yadda ta gada: ruwa mai tafasa safe da yamma har kwana arba'in, ana fyaɗa shi da ganye, ga kunun kanwa mai kauri, don kada sanyi ya shigi maijego. Tun a shekarun 1970 likitocin asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya suka lura da yawan matan da zuciyarsu ke gazawa bayan haihuwa, suka danganta abin da wannan al'ada. Gishirin da ke cikin kanwa yana tara ruwa a jiki, zafi kuma yana ƙara wa zuciya aiki, sai ƙafafu su kumbura, numfashi ya yi wuya. Abin takaicin shi ne, a ƙauye in an ga maijego ta kumbura sai a ce sanyi ne ya kama ta, a ƙara wuta, a ƙara kanwa. Na san wata yarinya a unguwarmu da ta tafi haka, ta bar ɗa. Iya ce ta yi mata wanka na jego, ita ce kuma ta yi mata na ƙarshe. Lokacin da matata ta yi haihuwar fari likita ya hana kanwa, muka kai ruwa rana da Iya, ta yi fushi ta ce boko ya raba ni da hankali. Ta yarda a rage zafin ruwan, kanwar kuma aka daina, amma ba ta taɓa cewa na yi gaskiya ba. Ni ma ban taɓa kawo mata zancen yarinyar nan ba. Har yau ina ganin shirun da na yi daidai ne, ko da yake wani lokacin nakan ce tsoro ne kawai.

Duk da haka ba maƙiyiyar asibiti ba ce. A bazarar 1996, da sanƙarau ya ratsa Arewa ya kashe dubban mutane, ita ce ta hana yara kwana a cunkushe cikin ɗaki, ta fitar da tabarmi tsakar gida. Yaron da ya yi zazzaɓi sai ta tallafi ƙeyarsa ta gwada sunkuyar da kansa. In wuyan ya ƙi, ba ta jiƙa komai, sai ta ce a nemi mota yanzu-yanzu. Awaki uku ta sayar a watan nan, kuma babu jikanta ko ɗaya a cikin yaran da aka kai. Ta san iyakar hannunta in ciwon baƙo ne. Inda ta kasa gani shi ne inda kuskuren yake cikin abin da uwarta ta koya mata.

Shekaru suka ja. Da murar tsuntsaye ta ɓulla a 2006 aka yi ta kashe kaji a gonakin Kaduna da Kano, na je na same ta ta kulle nata a ɗakin da kakana ya bari, wai kada ma'aikata su gani. Ba wanda ya zo. Bayan wannan ba da daɗewa ba hawan jini ya kayar da ita a gindin turke, ɓarin jikinta na dama ya shanye, magana ta ɗauke.

Na ɗauko ta na kawo ta gidana a Kano, ina ganin lokacin ramawa ya yi. Gida ne irin namu na yanzu, katanga mai tsawo, tsakar gida malale da siminti, babu inda kaza za ta yi tono. Na ba ta ɗaki mai tayil da fanka, na sayi katifa ta musamman, na ɗauki mai jinya da albashi, likita yana zuwa duba ta. Duk abin da kuɗi ke saya na saya. Da safe in leƙa in ce, "Iya, an tashi lafiya?" ta dube ni, in tafi aiki. Amma kullum da la'asar sai ta shiga wani irin nishi, tana buga katifa da hannun hagu, idonta a kan taga. Muka ce ciwo ne ke tasowa, aka ƙara magani. Muka ce carbi take so, aka sa mata a hannu ta sake shi. Aka kunna mata karatun Alƙur'ani, ta yi shiru kaɗan ta ci gaba. Mako uku muna haka. Ni da na shekara huɗu a bayanta, na tsaya a kanta da digirina ban gane komai ba.

Sai Gwaggo ta zo. Ba ta ko zauna ba ta cusa hannu ƙarƙashin bayan Iya, ta shinshina, ta ce fata ta fara salewa, a riƙa juya ta ana shafa man kaɗanya. Ta taɓa tafin ƙafarta ta ce a kashe fankar nan. La'asar ta yi, nishin ya fara. Gwaggo ta dubi taga, ta dubi inuwa, ta ce mini, "Ɗan nan, ai ba ciwo ba ne. Lokacin ban ruwa ne." Ta durƙusa daidai kunnenta ta ce, "Iya, an ba su ruwa. An zuba wa mai cikin ƙasari. Kaji sun shiga, na rufe akurki da kaina." Hannun ya daina bugawa. Kafin magariba ta yi barci.

Gwaggo ta ce a mayar da ita gida. Na ƙi da farko, kuma hujjata ba ta banza ba ce: a nan asibiti yana kusa, a can kuwa in dare ya yi sai Allah. Ta saurare ni har na gama, sannan ta ce, "To wa zai riƙa gaya mata an ba su ruwa? Kai?" Washegari na sa mai a mota.

Ta yi wata huɗu a ɗakinta, an jawo gadon kusa da ƙofa inda take hango rumfa. Matan unguwa suka raba kwana a tsakaninsu ba tare da wani ya tsara musu ba, da yawansu ita ta yanke musu cibi. Ta rasu da kaka, bayan sallar asuba, ana cikin ɗaurin harawa. Da aka buɗe adudu aka samu farin nan na saƙi a ƙasa, ya ɗan yi ja don daɗewa, da shi aka yi mata sutura. Gwaggo ce ta yi wankan.

Bayan addu'ar bakwai aka zauna rabon gado. Awaki goma sha ɗaya ne da tunkiya a turke, malam ya fara lissafi, Gwaggo ta ce a dakata. Ta bi su ɗaya bayan ɗaya. Wannan ta wata bazawara ce da ba ta da wurin ɗaurewa. Waɗannan biyun na marayun gidan bayanmu ne, Iya ta ba su uwar tun suna ƙanana. Wancan tauren na wani almajiri ne da ke tara kuɗin komawa gida. Aka yi ta cirewa har ya rage tunkiya ɗaya da kaji, su ne dukiyar Iya. Sai wata ja mai tsinin ƙaho a turken ƙarshe. Gwaggo ta ce, "Wannan taka ce. Jikar jikar ta yayenka ce, ba a taɓa yanke zuriyar ba."

Ba ni da inda zan kai ta. Na bar ta a hannun Gwaggo, ina aika kuɗin dusa in na tuna. Ita ma Gwaggon yanzu ta tsufa, jikarta ce ke danna mata waya. A watan jiya ta kira ni ina tsakiyar cunkoson motoci a Ƙofar Nasarawa, ta ce ta yanzu ta haihu, biyu, mace da namiji, namijin yana da fari a goshi. Ta tambaya ko a bar shi ne ko a kai shi Ɗambatta in ya tasa. Na ce ta bari sai na zo na gan shi. Ta ce haka na ce bara.